Sunan 'Yar Fari a Filin Amada

Har yau in na ji kiɗan ƙwarya a rediyo sai na miƙa hannu na rage murya. Jikokina suna cewa wai tsufa ne ya sa na daina son waƙa. Ƙarya suke yi, ja'irai. Ina son waƙa, kuma da ƙuruciyata na fi iyayensu iya rawa. Wuni ɗaya ne ya ɓata min wannan kiɗan, a ƙarshen shekarun tamanin, lokacin ina koyarwa a firamare, muna zaune a unguwar Kusfa ni da maigidana.

A daminar shekarar aka yi ta yawo da mota mai lasifika ana shelar za a kawo wata shahararriyar mai amada, wadda duk gidan da ka shiga a birni sai ka tarar da kaset ɗinta. Wasa ne na mata zalla, in ji su, ranar Asabar, a fara ƙarfe biyu a tashi kafin magariba. Wasu samari 'yan kasuwa ne suka shirya. Suka kama wani fili can kusa da ganuwa, suka kewaye shi da zana da tsofaffin kwanon rufi. Tikiti iri biyu ne, na kujera da na tabarma. Maigidana ma'aikacin sakatariya ne mai ji da karatunsa na zaure, ya yi kwana biyu yana gunaguni a kan kiɗe-kiɗe. A rana ta uku ya shigo ya ajiye min tikitin kujera biyu a kan gado. Ɗaya nawa, ɗaya na ƙanwarsa, budurwa ce a lokacin, tana kwalejin horon malamai, ga rawar kai kamar me.

'Ya'yana uku a lokacin. Ƙananan biyu na bar wa maƙwabciya. Babbar, 'yar farina, shekararta shida, tana unguwar Limancin Kona wajen Hajiya, mahaifiyar maigidana, tun ranar da aka yaye ta. Anti take ce min, yadda ta ji yaran unguwa 'yan ajina suna faɗa. In na je gidan gaisuwa sai ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ni kuwa na amsa ina kallon bango. Haka aka yi min, haka na ga ana yi, ban taɓa tunanin akwai wata hanya ba. Amma in za a faɗi gaskiya, rabin gaisuwar da nake zuwa yi gidan nan ba don Hajiya ba ne. Zuwa nake na saci kallon yarinyar, na ga ko ta rame, ko an yi mata kitso.

Da na biya ɗaukar ƙanwar maigidan, yarinyar ta ga mun ci ado, ta sa kuka ita ma sai ta je. Hajiya ta ce ba inda za ta, cikin wannan taro. Ni ina tsugune a bakin ƙofar ɗaki, zuciyata na cewa a bar ta ta je, bakina ya kasa. Da ƙyar na ce, ina wasa da bakin tabarma, "An ce yara kyauta suke shiga, Hajiya."

Tsohuwar ta dube ni ta daɗe. Ta gane sarai. Ta ce, "To, ku je. Amma ku riƙe min ita, amana na ba ku."

Aka sa mata rigarta ta Sallah, wata atamfa koriya mai zanen ganye. Ƙanwar maigidan ta kama hannunta, ni na bi su a baya ina kallon ƙeyarta, ina jin daɗi kamar an yi min kyautar Makka.

Tun daga bakin filin na san an cuce mu. Ƙofa ɗaya tak, fallen kwano ne aka kafa wa katako, faɗinta bai wuce na ƙofar ɗaki ba. Ga mata daga ko'ina, 'yan birni, 'yan Tukur-Tukur, 'yan Tudun Wada, ba layi ba komai. Wai wasan mata zalla, amma wani gabjejen mutum mai jajayen idanu ne a ƙofar, riƙe da dorina, yana tura matan mutane da gwiwar hannu yana cewa, "Ku matsa, ku matsa, dabbobi ne ku?" Ya fizgi tikitina ya yaga, ya cilla min rabin.

A ciki kuwa kujerun ba su fi layi uku ba, kuma duk an manna musu takarda, wai na matan manyan baƙi ne. Na tari ɗaya daga cikin masu shirya wasan, yana sanye da tabarau baƙi da wani baje a ƙirji, na nuna masa guntun tikitina.

Na ce, "Malam, na kujera muka saya."

Ya ce, "Kujera ta ƙare."

"To mu da muka saya fa?"

"Ki zauna a kan tikitin, Hajiya." Ya wuce abinsa.

Wallahi da a aji ne ɗalibi ya faɗa min haka, da ya kwana da shatin bulala. Ƙanwar maigidan ta ja ni tana dariya, ta ce, "Matar Yaya, rabu da shi, mu dai waƙa muka zo ji." Muka shimfiɗa ɗankwalinta na biyu a ƙasa muka zauna, a gefen wasu mata uku 'yan unguwarmu. Cikinsu akwai wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda in abu ya shiga bakinta da safe, kafin azahar ya zaga Kusfa.

Biyu ta yi, uku ta yi, ba mawaƙiya ba labarinta. Rana ta buɗe irin ta tsakiyar damina, mai dafa mutum a cikin kayansa. Ba rumfa, ba ruwan sha. Masu shirya wasan sun hana masu talla shigowa, sai nasu mutumin da ke sayar da lemon kwalba mai ɗumi kamar shayi. Ba banɗaki, kuma mai ƙofa ya ce duk wadda ta fita ta fita ke nan. La'asar ta same mu ba ruwan alwala. Masu ƙananan yara suka riƙa kai su can bayan dandamalin, inda zanan ya ɗan buɗe, su tsuguna. Dandamalin ma katakai ne aka jera a kan durom-durom. Na san abin da ke bayan zanan nan, kowa a birni ya sani. Wani tsohon kududdufi ne da aka shekara da shekaru ana haƙar ƙasar gini a ciki, in damina ta yi nisa sai ya cika ya batse, kuma gaɓarsa a tsaye take. Kowace shekara sai iyaye sun ja wa yara kunne a kansa.

Duk da haka ba su daina sayar da tikiti ba. Suka yi ta zubo mutane har ya zama ba inda za ka miƙe ƙafa. Da suka ga na waje sun fi na ciki yawa kuma suna neman ɓalle ƙofar, sai mai dorina ya zagaya mata sarƙa ya datse da kwado. Na ga lokacin da ya yi. Gabana ya ɗan faɗi, amma a daidai lokacin aka ce ga mawaƙiya ta iso, wuri ya ɗauki guɗa, na manta.

Kai, matar nan ta iya waƙa, ba zan ci haƙƙinta ba. Da matanta suka kifa ƙore a ruwa suka fara bugawa, ta ɗaga murya, duk wahalar da muka sha ta bi iska. Yarinyar ta miƙe tsaye tana rausaya kai, tana bin amshi, ashe ta haddace a kaset ɗin gidan Hajiya. Ina kallonta ta gefen ido, kamar na haɗiye ta don so.

A waƙa ta uku ƙanwar maigidan ta kasa zama. Ta ce, "Matar Yaya, riƙe 'yarki, zan je na yi liƙi." Ta ɗauki hannun yarinyar ta ɗora a cinyata, ta kutsa cikin mutane.

Mai ƙuli-ƙuli ta taɓa ta kusa da ita, ta ɗaga murya yadda zan ji. "Oh ni! Zamani. Yau Malama an fito shan iska da 'yar fari, har da riƙe hannu."

Suka kwashe da dariya. Wasa take yi, na sani, ba da mugunta ba ne. Amma kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na zame hannun yarinyar daga cinyata, na ce, "Ke, zauna nan," na nuna mata ƙasa. Ta zauna. Can ta lallaɓo ta kama bakin gyalena da yatsu biyu. Na ga dattijuwar tana kallo, sai na janye gyalen. Shekara talatin da wani abu ke nan, ban daina ganin yatsun nan biyu suna sakin gyalen ba.

Ba wanda ya lura da hadarin da ya haɗo daga gabas, hankalin kowa yana kan dandamali. Iska ce ta fara zuwa, gaba ɗaya, ba sallama. Ta ɗaga fallen kwano ɗaya daga shingen ta yi sama da shi, ya faɗo da wata irin ƙara a bayan masu kujera. Wata ta ƙwalla ihu, "Wayar wuta ta tsinke! Wuta!" Ko ta tsinke ko ba ta tsinke ba, har yau ban sani ba. Filin nan kaf ya miƙe a lokaci ɗaya ya nufi ƙofar da aka datse.

Ban tashi da kaina ba, ɗaga ni aka yi. Na ji ƙafata ba ta taɓa ƙasa, sannan na ji ni a ƙasa, gwiwar wata a bayana, takalmin wata a kan yatsuna. Ina salati ina laluben gefena. Na kama wani ƙaramin hannu na riƙe gam, da na samu na ɗago sai na ga ɗan wata ne, uwarsa ta fizge shi tana zagina. Na duba inda na ce wa yarinyar ta zauna. Ɗankwalin da muka shimfiɗa yana nan, an tattake shi cikin ƙasa. Ita babu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Can na hango ƙofar ta buɗe, mutane suna fita kamar an ɓalle bakin kwata. Na hango gyalen ƙanwar maigidan a tsakiyarsu, tana waiwaye tana ɗaga hannu, turmutsutsun ya yi waje da ita. Kafin na isa, mai dorina da abokansa sun mayar da ƙofar sun sake datsewa, wai na waje suna shigowa a bati, ba tikiti.

Na kama rigarsa. Ni matar aure, na kama rigar ƙaton da ban sani ba. Na ce, "Don Allah Malam, ka ga wata yarinya ta fita? 'Yar shekara shida, da koriyar atamfa."

Ya fizge. "Yara nawa na gani yau? Ni makiyayinsu ne?"

"To buɗe na leƙa waje na dawo."

"In kin fita kin fita. Doka ce."

"Yarinya ce ta ɓata, bawan Allah!"

"Da kika zo da ita ni kika ba wa ajiya?"

Na tsaya ina lissafi. In na fita alhali tana ciki, ba zai bar ni na dawo ba. In na zauna alhali tana waje, wa ya san hannun da za ta faɗa, a shekarun da ba a rabuwa da labarin satar yara. Na ce a raina waje akwai gwaggonta, ciki kuwa ba ta da kowa sai ni. Na juya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da na ji kiɗa ya ci gaba. Masu shirya wasan sun ce a buga don mutane su zauna, mutane kuwa suka fara zama, ana gyara ɗauri ana neman takalma, kamar ba abin da ya faru. Na shiga tsakaninsu ina leƙa fuskar kowane yaro. A ranar na tsine wa atamfar nan. Ita aka yi yayi a Sallar shekarar, rabin 'yan matan birni ita aka ɗinka musu. Na hango koriya na ruga, na juyo da yarinya, ba ita ba. Na sake hango wata, ba ita ba. Na yi haka ya fi sau goma, kowace fuska ta juyo sai na ji kamar an soke ni.

"Kun ga wata yarinya? Fara, siririya, da wushirya?"

Kowa abu ɗaya yake tambaya. "Me sunanta? Faɗi mu taya ki kira."

A nan ne na tsaya cak. Tun ranar da aka raɗa mata suna, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. 'Yar fari ce. "Ke" nake ce mata, ko yarinyar nan, ko 'yar gidan Hajiya. Ko wata mai irin sunan na samu a ajina, sai na laƙa mata wani na daban. Yaran yanzu in na ba su labari sai su ce, haba Kaka, a irin wannan halin ma? Ba za su gane ba. Ba ƙi na yi ba. Na buɗe baki, sunan ya zo har maƙogwaro, harshena ya ƙi juyawa, kamar an ce na tuɓe zane a tsakiyar kasuwa. Sai na ce, "Koriyar atamfa ce a jikinta," na wuce, suna bina da kallo.

Na nufi dandamali. Akwai sanƙiran mawaƙiyar, wani siririn mutum mai hula a karkace, shi ke riƙe da abin magana tsakanin waƙa da waƙa yana kirarin matan manya. Na ja bakin rigarsa ta ƙasa, ya yi kamar bai ji ba. Sai da ya gama jero kakannin wata Hajiya mai gwala-gwalai kaf, sannan ya sunkuyo.

Na ce, "A taimaka a yi cigiya, yarinya ta ɓata."

"Sai an gama wannan waƙar."

"Don girman Allah!"

Ya ja tsaki. "Sunanta?"

Na sunkuyar da kai.

"Baiwar Allah, sunanta na ce. 'Yarki ce ko ba 'yarki ba?"

Na ce, "Ta fari ce."

Ya yi dariya har da dafa gwiwa. "To ai sai ki tsaya nan da kunyarki. In ce wa? In ce yarinya ta zo? Ga yara nan ɗari, duk su zo?"

Sai a lokacin dabara ta zo min, ni da nake wuni da alli a hannu. Na zazzage jakata a ƙasa, na samu biro, na rubuta sunan a bayan guntun tikitin. Na miƙa masa. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Ni allo na yi, ban yi boko ba." Na fizge zan rubuta masa da ajami. Ban gama harafi na biyu ba ruwa ya sauko, manyan ɗigo masu zafin duka. Nan take ƙarar janareta ta mutu. Mai injin ya kashe abinsa yana jan tamfol yana rufewa. Na yi kansa ina roƙo, minti ɗaya kawai, kalma ɗaya za a faɗa. Ya ce injin haya ne, ba zai bari ruwa ya taɓa shi ba ko 'yar gwamna ce ta ɓata. Sanƙiran ya cusa abin maganar a aljihu ya bi mawaƙiya, an lulluɓe ta da lema ana kai ta mota.

Mutane suka sake yin ƙofa, wannan karon an buɗe musu. Filin ya fara yashewa. Ina tsaye ruwa na dukana, ina duba duk yarinyar da aka ja aka wuce da ita. Sai ga mai ƙuli-ƙuli ta dafa ni, ta rufe kai da buhu, fuskarta ba sauran wasa.

Ta ce, "Malama, ba ki gan ta ba har yanzu? Wata ta ce lokacin gudun nan ta ga yara sun bi ta ɓarakar bayan dandamali."

Ban san lokacin da na yar da jaka da takalma ba. Na zagaya dandamalin, na kutsa ta ɓarakar, zanan ya yage min hannu ban ji ba. Taku uku ne tsakanin shingen da ruwan. Kududdufin ya cika har baki, ruwan kore shar, ruwan sama na dukansa yana tafasa. Ba kowa. A gaɓar, cikin taɓo, ga sawun ƙananan ƙafafu birjik, ga kuma wani dogon shaci inda ƙafar wani ta zame ta yi ƙasa.

Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, ko a naƙuda. Na ga fuskar Hajiya tana cewa amana. Na ga an shimfiɗa koriyar atamfa a tsakar gida. Na ce shi ke nan, na kashe 'yata saboda kada mai ƙuli-ƙuli ta yi min dariya. Na shiga ruwan har gwiwa, ni da ban iya iyo ba, ina lalube da hannu, ina kamo ganye da leda. Ƙasan na zamewa a ƙarƙashina. Dattijuwar da sauran matan unguwarmu sun biyo ni, suna bakin ɓarakar suna ihu na fito kada na nutse.

Sai na ji wata murya ta tsage ta kira sunan. Tawa ce. Ban yi shawara ba, ban ce bari na yi ba, fita kawai ya yi, da wata irin ƙara da ban san ina da ita ba. Na kira shi a kan ruwan. Shiru, sai ruwan sama. Na sake kira, na ja shi har numfashina ya ƙare. Na kira na uku ina kuka, na haɗa da sunan ubanta, wanda shi ma ban taɓa faɗa ba. A na huɗu muryata ta dishe, da ƙyar ya fita.

"Na'am."

Daga bayana ne, ba daga ruwan ba. Ƙaramar murya, a ɗarare.

Na fito da rarrafe. A ƙarƙashin dandamalin take, ta cusa kanta tsakanin durom biyu, ta haɗa kai da gwiwa, ɗankwalinta a hannu. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Ashe tun da aka fara gudu ta ga ƙafafu sun yi mata yawa ta rarrafa ta shige nan, duk tsayuwar da na yi ina roƙon sanƙira tana ƙarƙashin katakon da yake takawa. Na jawo ta na rungume, a gaban mai ƙuli-ƙuli da kowa, na cusa fuskata a wuyanta ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Jikinta ya sandare, ba ta saba ba. Dattijuwar da kanta ta share ido da bakin buhu, ta ce, "Alhamdulillahi. Yi kukanki, Malama, ba mai cewa komai." Kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, Allah ya jiƙanta.

Da na samu numfashi sai faɗa ya zo min, irin na wanda ya tsorata. Na girgiza ta. "Ba ki ji ana kiranki ba? Sau nawa na kira?"

Ta ce, "Na ji tun na farko."

"To don me ba ki amsa ba?"

"Ban san ke ce ba, Anti. Hajiya ta ce in wanda ban sani ba ya kira sunana kada na amsa."

Na ɗaura mata ɗankwalinta, na kama hannunta muka fito.

A ƙofa mai dorina yana naɗe sarƙarsa. Ya dube mu ya ce, "Ga ta nan ai, kika cika wa mutane kunne." Masu baje a ƙirji kuwa ko ƙyallinsu, sun bi motar mawaƙiya. Ba wanda ya ce mana sannu. Ni da ba a taɓa faɗa min magana na haɗiye ba, ranar ko kallonsa ban yi ba. Ƙanwar maigidan tana waje jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a ƙafa, ta zaga shingen ya fi a ƙirga tana kuka. Ta zo za ta karɓi hannun yarinyar, na ce ta bar shi. Muka yi shawara a tsaye cewa Hajiya ba za ta ji komai ba sai ruwan da ya dake mu.

Ruwan ya tsagaita muka kama hanyar Limancin Kona, ni ba takalmi, ana ta kiran magariba. Ƙanwar maigidan ta yi gaba tana ɗingishi. Yarinyar tana gefena, hannunta a cikin nawa, sai ɗago kai take tana kallona tana mayarwa. Mun shiga lungunsu ke nan ta ja hannuna ta tsaya.

Ta ce, "Anti."

"Mene ne?"

"Ashe kin san sunana."

Na ce, "Na sani mana."

"Sake faɗa in ji."

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. A daidai lokacin wasu dattawan unguwar suka fito daga wani zaure da butocinsu za su masallaci, abokan marigayi surukina, suka ce, "A'a, Malama, ruwa ya dake ku?" Na saki hannunta na durƙusa na gaishe su. Da suka wuce na miƙe, tana nan tsaye tana jira, idonta a bakina.

Na ce, "Ke, kula da taɓo."

Ta sunkuyar da kai ta tsallake taɓon, ta shige gidan Hajiya. Ba ta sake roƙona ba, daga ranar har yau.